Kafin a zubo maka, leƙa inda ake wanke kwano

Ba a daɗe ba da cin abinci a waje ya zama na kowa da kowa a Katsina. A da, matafiyi da gwauro da wanda ya zo cin kasuwa daga ƙauye su aka sani da zama gaban mai tuwo. Yanzu ma'aikacin da ya fita sakatariya tun safe, da ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko na kwalejin Hassan Usman, da direban da ke jigila tsakanin Katsina da Daura, da mai Keke Napep, duk abin da aka dafa a waje suke ci da rana. Asabar da Lahadi kuma magidanta na ɗibar iyali zuwa manyan gidajen abinci. Daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga, ko'ina ka waiwaya akwai mai shinkafa da wake, mai ɗanwake, mai waina, mai shayi ko mai tsire.

In ka ji ana yabon gidan abinci, abin da ake faɗa bai wuce "miyarsu ta ji nama", "suna cika kwano", ko "wurin akwai AC da talabijin" ba. Ba na ƙin ko ɗaya daga ciki. Kuɗinka ka biya, ka cancanci ka ci mai daɗi a wuri mai sanyi. Amma mu ma'aikatan lafiyar muhalli, waɗanda iyayenmu ke kira duba-gari, idan muka je gidan abinci ba wurin kujeru muke fara dubawa ba, ta baya muke zagayawa. Dalili kuwa shi ne ƙwayar cutar da ke kwantar da mutum ba ta da wari, ba ta sauya ɗanɗanon miya. Wani wurin kyan ɗan maciji gare shi: tayil na ƙyalli, ma'aikata sanye da inifom, amma kicin ɗin ba ya shiguwa. Wata baiwar Allah kuma rumfar kara ce gare ta da benci biyu, amma tukunyarta na kan wuta, kwanukanta a kife a kan tebur, ga buta da sabulu a gefe. Wurin ta biyun nake tura 'yan uwana.

Abin ba ƙarami ba ne. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu nan ma ba labari muka ji ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wanda ya yi aiki a asibiti a daminar waccan shekarar bai manta da yadda ake shigo da ƙato majiyin ƙarfi a sheme, idanu sun faɗa, cikin yini guda ba.

Ka fara da ruwa, domin mafi yawan ɓarnar daga nan take. Yawancin masu abinci a garin nan daga hannun 'yan ga-ruwa suke saye, a juye a duro ko randa. Ba nan matsalar take ba. Duba ka gani, duron a rufe yake? Da me ake ɗiba? Idan moɗa ɗaya ce, wadda ake ajiyewa a ƙasa, yaron shago ya ɗauka da hannun da ya kwashe shara ya tsoma har gwiwar hannu, to ruwan ya tashi daga mai tsabta ko da daga famfo ya fito.

Sai wurin wanke-wanke. Ka ɗan tsaya ka kalla. Sau da yawa roba biyu ce, ɗaya ta kumfa, ɗaya ta ɗauraya. Da safe ruwan garau yake. Kafin azahar na ɗaurayar ya koma ja saboda manja, ƙwayoyin shinkafa na yawo a kai, soson ya yi baƙi ya yi santsi. Kwanon da wani ya gama ci yanzu za a tsoma nan, a tsoma can, a goge da tsumman da ke rataye a kafaɗa tun safe, a zuba maka. Kwano ya kamata a wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan da ake zubowa daga sama, a kife ya bushe da kansa. Tsumman nan ƙara masa datti yake yi.

Haka kwanon wanke hannu da ake ajiyewa a tsakiya kowa ya tsoma. Na ƙarshe a dauɗar kowa ya wanke hannunsa, sannan ya kai tuwo baki. Ka nemi buta da sabulu, wani ya zuba maka. Idan wurin ba su da sabulu, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka yadda masu girkin suke wanke nasu hannun.

Akwai kuma ruwan da ba ma lissafawa a matsayin ruwa: zoɓo, kunun aya, lamurje, fura da nono, da ƙanƙarar da ake fasawa a jefa ciki. Jama'a da yawa na zaton sanyi na kashe ƙwayar cuta. Ba ya kashewa, ajiye ta yake yi har ƙanƙarar ta narke a cikinka. Robobin da ake ɗura zoɓo da kunu kuwa, da yawa tsinto su ake yi, ba ka san bakin da ya sha a ciki ba. Ko ledar fiya wata da ta kwana cikin narkakkiyar ƙanƙara, hannu goma sun laluba, ka ɗauraye bakinta kafin ka sa haƙori.

Abu na biyu da nake so a riƙe shi ne zafin abinci da tsawon zamansa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selsiyos, kuma ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba. To ka tuna zafin Katsina a watan Afrilu da Mayu, lokacin da yake haura digiri 40. Shinkafar da aka sauke da hantsi, aka zuba a kula, ake buɗewa ana rufewa har la'asar, ba zafi gare ta ba, ɗumi ne, kuma ɗumin nan shi ƙwayar cuta ke so. Shinkafa ma tana da nata sharrin na daban. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan shinkafar ta huce ta daɗe, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya karya gubar. Shi ya sa mutum zai ci dafa-duka da rana, kafin magariba ya kama amai, yana ta mamaki tunda da ɗuminta ya ci.

Saboda haka ka je lokacin da ake saukewa. Wurin da ciniki ke tafiya, tukunya na ƙarewa ana ɗora wata, ya fi wurin da abinci ke jiran mai saye. Ka ga tururi da idonka. Manyan gidajen abinci da ke jera abinci a bayan gilashi su ma ka duba, akwai wuta a ƙarƙashin farantan ko tun da aka ɗauke lantarki suke a haka? Firjin da ke kwana ba wuta, ba janareta, naman da ke ciki narkewa yake yana sake daskarewa.

Abin da ba ya hawa wuta ya fi buƙatar hattara: salak, kabeji, latas, tumatir da albasar da ake yankawa kan tsire, kwaɗon zogale da na rama. Wasu lambunan da ruwan kwata ake yi musu ban-ruwa. A wurin da ban yarda da ruwansa ba, cewa nake a bar mini salak ɗin, musamman da damina.

Hannu kuwa, kallon minti biyu ya isa. Hannun da ya karɓi tsohuwar naira ɗari, ya ba da canji, ya share gumi, shi ne ya damƙo naman ya sa maka a kwano? Mai tsire ya yanka ɗanyen nama da wuƙar da zai yanka gasasshe, a kan katako ɗaya? An hura leda da baki kafin a zuba maka awara? Zazzaɓin taifot ta wannan hanyar yake yawo. Mutum na iya warkewa ya ci gaba da ɗauke da ƙwayar a jikinsa, yana fitar da ita a bayan gida, shi lafiya lau. In irin wannan ke girki bai wanke hannu da sabulu ba, zai rarraba wa mutane. Kuma taifot sai bayan mako ɗaya zuwa uku yake bayyana, lokacin da ka daɗe da mantawa da inda ka ci. Ciwon hanta nau'in A da E ma ta ruwa da abinci suke shiga, na E kuwa yana da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu.

Idan akwai ban-ɗaki a wurin, ka leƙa. Ka dubi kwata da juji, don ƙudan da ya tashi daga can shi ke sauka kan yajin. Kashin ɓera kusa da buhunan abinci kuma ba abin rainawa ba ne, ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lassa ke kama mutum.

Maganar tarba, ni ba murmushi kaɗai nake aunawa ba. Yadda aka amsa maka idan ka yi tambaya shi nake dubawa. Kunya ce ke cutar da mu: mutum ya ga ƙuda a miya, ya ture gefe ya ci gaba, wai kada a ce ya cika iyayi. Ba faɗa za ka yi ba. "Hajiya, don Allah a mayar mini da miyar nan kan wuta ta tafasa." "Malam, a ƙara gasa shi, ciki bai yi ba." "Yaro, kawo buta da sabulu." Mai sana'ar kirki ba ta jin haushin wannan. Wadda ta harare ka kuwa, ka biya ka tashi, gobe ka nufi wani wuri. Mu ma'aikata ba mu da yawan da za mu tsaya kan kowace tukunya kullum, amma mai saye yana nan kullum, kuma mai abinci ta fi jin maganar wanda cinikinta ke hannunsa.

Ku kuma iyayenmu mata da 'yan uwa masu wannan sana'a, na san da ita kuke ciyar da yara, wasu ma marayu, kuma na san tsadar ruwa da itace da gas. Amma murfin duro, da buta, da sabulu guda, da ware yaro ɗaya ya riƙa karɓar kuɗi shi kaɗai, ba za su karya jari ba. Wanda ke gudawa cikin masu taya ku aiki, ku ba shi hutu har ya warke. Ragowar shinkafar jiya kada a cuɗa ta da ta yau.

Idan kuma an riga an ci, gudawa ta fara, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara shan ORS, wato ruwan gishiri da sukari, nan take. In babu na leda, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato fiya wata biyu, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a riƙa kurɓa. Mai shayarwa kada ta daina ba jariri nono. Kada a tsaya haɗe-haɗen Flagyl da kafso a kemis. Idan gudawar ta zama tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko amai ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ɗauke, ko kuma yaro ne, tsoho ko mai ciki, a tafi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, ana ba shi ORS a hanya. In mutum biyu ko fiye suka kwanta bayan sun ci a wuri ɗaya, a gaya wa ma'aikacin asibitin sunan wurin da ranar da aka ci, ko a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, don a je a duba ruwan da tukunyar tun a ranar.