Sauyin yanayi ne ya ci gonar, ko hannunmu ne? Amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Aikina malamin gona ne a nan Kano, kuma duk rani duk damina tambayoyin da nake amsawa ba sa canzawa, masu yin su ne kawai suke canzawa. Na tara su a nan wuri guda. Wanda ya sake kirana da ɗaya daga cikinsu, wannan rubutun zan tura masa.

Malam, wai da gaske ne yanayi yana sauyawa, ko zancen Turawa ne?

Da gaske ne. Iskar kabon da ke sararin sama tana wajen kashi 280 cikin miliyan kafin a fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur da yawa, yanzu ta haura 420, kuma ita ce take riƙe zafi. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi a duniya. In ba ka yarda da ma'auni ba, tambayi mai noman alkama a Kadawa yadda hunturu yake yi masa rowar sanyi.

To ai ruwa da zafi duk na Allah ne.

Na'am. Ciwo ma na Allah ne, kuma ban ga ka ƙi zuwa asibiti ba.

Tumatir ɗina ya yi kyau, ya yi fure, sai furen ya kakkaɓe. Wane magani zan fesa?

Babu. Don Allah a daina sayen magani a kan wannan. Idan zafin rana ya wuce 32 zuwa 35 a ma'auni, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin da ke cikin furen tumatir yana mutuwa, furen ya faɗi bai ɗaura ɗa ba. Ba tsutsa ba ce, ba cuta ba ce. Ka makara ne wajen dashe, furenka ya faɗa cikin Maris da Afrilu, lokacin da Kano take haura 40. Haka masara take yi in zafi da fari suka same ta tana fitar da gemu, sai ka ɓare goyon ka ga rabinsa ba ƙwaya. Alkama ma in ta wuce tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba a shuka ta ba, zafi ne zai tarbe ta tana cika ido. Abin da sauyin yanayi ya yi shi ne ya rage kwanakin da a da mutum zai makara kuma ya sha. Yanzu ba wannan rangwamen.

Tsutsar tumatir da ake kira sharon ma sauyin yanayi ne ya kawo ta?

A'a. Tsutsar nan 'yar asalin Kudancin Amurka ce, ta shiga Sifaniya a 2006, ta bi kaya da iri har ta iso mana, ta yi ɓarnar 2016 da ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya gagari mai ƙaramin ƙarfi a 'Yankaba. Tsutsar masara ma a 2016 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma, ita ma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. Kasuwanci ne ya kawo su. Inda zafi ya shigo shi ne wajen hayayyafa: a sanyi sharon takan ɗauki sama da wata biyu daga ƙwai zuwa malam-buɗe-littafi, a zafi kuwa wata guda ba ya cika, kuma mace ɗaya tana iya yin ƙwai sama da 200. Lissafa da kanka.

Shi ya sa nake feshi duk bayan kwana uku.

Shi ya sa maganin ya daina yi maka aiki. Haba Alhaji! Magani iri ɗaya, ka ninka awo, ka haɗa kala uku a tanki ɗaya saboda mai shago ya ce haka ya fi ƙarfi. Tsutsar da ta tsira ita ce za ta haifi waɗanda ba sa jin maganin. Ka kuma kashe gizo-gizo da zanzaro da sauran ƙwarin da suke cinye maka ita kyauta, ka kashe ƙudan zumar da kabewa da kankana da kokwamba ba sa yin ɗa sai da su. Ragowar tankin ka wanke a magudanar ruwa, kwaɗi da kifi su mutu, sannan ka zo kana ce mini sauyin yanayi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari irin wanda ake haɗa fiya-fiya da shi. Waken da suka ƙi, mu ne muka ci shi. Ga buhun nan mai ninki uku da yake kashe ƙwarin wake ba tare da ɗigon magani ba, ana sayar da shi, amma sai an yi ta roƙon mutane.

Riƙa sauya maganin daga wani nau'in sinadari zuwa wani, ka yi feshi da yamma lis in ƙudan zuma sun koma, ka karanta kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka. In ba ka iya karantawa ba, ɗanka ya iya.

Lambuna a bakin Jakara yake, da ruwan nake ban ruwa, ba ni da wani. In daina ne?

Wannan ita ce tambayar da ba na amsawa a tsaye. Zauna.

Da farko ba zan ce maka ka daina ba, domin na san da lambun nan ake cin tuwo a gidanka, kuma wanda yake ba da irin wannan umarni daga ofis ba shi zai ciyar da iyalinka ba. Amma ba zan ce maka ruwan lafiya lau yake ba. Jakara tana kwaso ƙazantar cikin birni, ta bi ta mayanka da Sabon Gari, rafin Getsi ya zo ya haɗe da ita ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, duka su gangara madatsar Wasai a Minjibir. Ta ɗaya ɓangaren kuma rafin Salanta yana kwasar na Sharaɗa ya kai kogin Challawa, inda majemu suke jeme fata da sinadarin kuromiyom da gishiri mai yawa. Saboda haka amsar ta danganta da inda kake. Wanda yake sama da mahaɗar Getsi, babbar matsalarsa ƙwayoyin cuta ne na bayan gida: taifot, kwalara, tsutsar ciki. Wanda yake ƙasa da mahaɗar, ko a bakin Salanta da Challawa, ya haɗa da ƙarafa masu guba, wato dalma da kadmiyom da kuromiyom. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

Ta kuma danganta da lokaci. Da damina ruwan sama yana sirka shi. Da rani, musamman daga Fabrairu zuwa Mayu, kusan duk abin da yake gudana ruwan kwata ne zalla, kuma lokacin ne zafi yake sa ka ƙara yawan ban ruwa. Ruwan ya tafi sama, gishirin da ƙarfen su zauna a ƙasarka. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Abin da ka zuba bana yana nan baɗi, ya haɗu da na baɗin.

Kada koren ganye ya ruɗe ka. Ruwan kwata cike yake da taki, shi ya sa alayyafonka ya fi na kowa sheƙi. Sheƙin ba shaidar lafiya ba ce.

To me za ka yi? Abin da ya fi sauƙi shi ne sauya abin da kake shukawa. Ganye, irin su salak da alayyafo da kabeji, su suka fi tara kadmiyom, kuma salak ɗanye ake ci. Karas yana kwance cikin ƙasar kanta. Masu 'ya'ya, irin su tumatir da kuɓewa da gauta da masara, galibi kaɗan ne yake kaiwa ga abin da ake ci, duk da ba a ce babu ba. Na san ganye ya fi kawo kuɗi da wuri, shi ya sa shawarar take da ɗaci. In har ba za ka bar shi ba, ka bar shayar da shi ta sama, ka bi da ruwan ta kwari don kada ya taɓa ganyen, ka kuma tsayar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin yanka, rana za ta kashe da yawa daga ƙwayoyin cutar. Haƙa rami ka tara ruwan ya kwana, laka ta kwanta, ka ja na sama. Wannan yana ragewa, ba ya kawarwa. In kuna iya haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku haƙa rijiya nesa kaɗan da bakin rafin, ya fi, amma ita ma a gwada ruwanta, domin ƙasa tana tace ƙwayar cuta fiye da yadda take tace gishiri. Ruɓaɓɓen takin dabbobi yana taimakawa wajen riƙe ƙarfen a ƙasa, ƙasa mai tsami kuwa tana sake shi ya hau cikin shuka. Ranar da ka ga ruwan ya sauya launi, ya yi baƙi ko shuɗi ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kashe injin, ka jira ya wuce. Ka sa takalmin roba, yaran nan kuma a fitar da su daga cikin ruwan.

Duk wannan dabarar rage asara ce. Wanda zai faɗa maka haƙiƙanin halin da lambunka yake ciki gwajin ƙasa da na ruwa ne, ana yi a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i irin Bayero, kuma ƙungiya ta fi mutum ɗaya iya biya. Gyaran gaskiya kuwa yana bakin bututun masana'anta, a tace ruwa kafin a sake shi. Wannan ba aikin mai lambu ba ne, aikin hukuma ne, dokar kuma tana nan a rubuce.

Ni ba manomiya ba ce, saye nake yi. In na wanke da gishiri ya isa?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, kada ki hana yara ganye. Cire ganyen waje, ki wanke sau da yawa da ruwa mai tsabta, ki jiƙa da ɗan ruwan kal, ki kankare karas. Wannan yana fitar da ƙasa da ƙura da mafi yawan ƙwayoyin cuta, dafawa kuma ta ƙarasa sauran. Abin da ya riga ya shiga cikin ganyen wanki ba ya fitar da shi, amma illarsa ta mai ci kullum daga wuri ɗaya ce shekara da shekaru. Ki riƙa sauya wurin saye. Yawancin kayan miyar Kano daga Kura da Kadawa da Garun Malam suke zuwa, ruwan Tiga suke sha.

Takin bola fa? Kakanninmu da shi suka yi noma.

Bolar kakanka toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi, jakuna suna kai ta gonakin bayan ganuwa, shi ya sa ƙasar kewayen Kano ta daɗe ana noma ta duk shekara ba ta mutu ba. Bolar yau akwai leda, batir, fasasshen kwan fitila, tarkacen waya, allurar asibiti. Wasu batura akwai dalma da kadmiyom a cikinsu. Wanda ya manta abin da dalma take yi ya tuna Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. A tsince, a tankaɗe, a bar shi ya ruɓe. Kuma kada a ƙona ledar a gona.

Ruwan sama raguwa ya yi ko ƙaruwa?

In an kwatanta da farin 1973 da na 1984, ya dawo. Rashin tsari ne matsalar: ya sauka, a yi shuka, ya ɗauke sati biyu ko uku yabanya ta ƙone, sannan a Agusta ya zubo na wata guda a kwana biyu. Amma ambaliyar cikin gari kada a ɗora wa sama ita kaɗai. Kududdufan da suke shanye ruwan an cike su an yi gini, magudanan an toshe su da leda.

To yaushe zan yi shuka?

Ba da ruwan farko ba, ko da ka ga shamuwa. Jira ƙasa ta jiƙu sosai, ka saurari hasashen da hukumar kula da yanayi ta NiMet take fitarwa farkon kowace shekara. Nemi iri mai saurin nuna, akwai na masara da wake da gyaɗa da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar, akwai geron SOSAT. Kada ka zubar da irin gida, raba gonar.

Me ya haɗa mu da kachalar Haɗeja, ciyawar nan da ta cika ruwa?

Ruwanmu. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa da ke Karaye a 1992. Kafin nan kogin yana cika da damina ya janye da rani, fadamun Haɗeja zuwa Nguru su samu kifi da shinkafa da kiwo bi da bi. Da ruwa ya koma gudana duk shekara, ga ragowar takin zamani da yake gangarowa daga gonakinmu, sai kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya suna fita suna cin shinkafa da gero. Wannan ba zafin duniya ba ne ya fara shi, mu ne. Na kan tuna da ungulu ma, da a da ba ka zuwa mayanka ba ka gan su jere a kan katanga ba. Guba da masu farautarsu don haɗa magani ne suka ƙarar da su.

Gyaɗata ta yi ɗan baƙi-baƙi da ɗaci, in ba kaji?

Kada ka ba kaji, kada ka ba yara, kada a yi ƙuli-ƙuli da ita. Fumfuna ce mai fitar da gubar afalatokzin, tana lalata hanta, tana hana yaro girma, tana bi ta nono da ƙwai. Fari da zafi a ƙarshen damina suna ƙara ta, haka ruwan da yake dukan amfani bayan an cire. A shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, a tsince ruɓaɓɓu. Akwai Aflasafe, maganin rage wannan gubar na cibiyar binciken noma ta IITA, da ake watsawa a gona sati biyu zuwa uku kafin fure.

Gawon da ke tsakiyar gonata yana hana tarakta juyawa. In sare?

Bar shi. Da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina taki, da rani kuma awakinka su ci 'ya'yansa. Mai taraktar ya kewaya.