Tumbuɗin jarirai da ƙwarnafin yara

Tumbuɗi shi ne dawowar nono ko madara daga tumbin jariri zuwa bututun abinci, wani lokaci har ya fito ta baki ko ta hanci, ba tare da yunƙuri irin na amai ba. A asibitocin Saudiyya likitoci suna kiransa irtija'ul mari'i, kuma yana daga cikin abubuwan da ke yawan kai masu jego na Makka da Madina da Jidda gaban likitan yara. Ƙa'idojin da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya ta fitar a 2015 sun nuna cewa aƙalla jarirai 40 cikin 100 suna tumbuɗi, cewa yakan fara ne kafin jariri ya cika mako 8, kuma 90 cikin 100 na masu yin sa suna dainawa kafin su shekara. Yakan fi tsananta wajen wata na 4, sannan ya riƙa ja da baya idan yaro ya fara zama ya kuma fara cin abinci mai kauri.

Dalilinsa yana cikin halittar jaririn ne. A mahaɗar bututun abinci da tumbi akwai wani zoben tsoka da ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ya tsuke. A jariri wannan zobe yakan saki ba a kan kari ba, bututun kansa gajere ne, abincin duka ruwa ne, ga shi kuma mafi yawan yininsa a kwance yake. Idan aka haɗa da cewa jariri yana shan abin da ya yi yawa ƙwarai idan aka gwada da girman jikinsa, babu mamaki wani abu ya dawo. Saboda haka jaririn da ke tumbuɗi sau da dama a yini, amma yana kama nono da kyau, yana jiƙa famfas, nauyinsa kuma yana hawa a katin awo, ba majinyaci ba ne, kuma wahalar tasa ba ta wuce ta wanki ba.

Likitoci suna ɗaukar lamarin a matsayin cuta ne idan ruwan tsamin tumbi ya fara yin lahani: jariri ya riƙa ƙin nono, ko ya riƙa banƙarewa yana tsala kuka a tsakiyar sha, ko nauyinsa ya tsaya, ko ya riƙa ƙwarewa da tari da ciwon nimoniya a kai a kai. Bakwaini, da yaran da ke da larurar ƙwaƙwalwa mai shafar motsin jiki, da waɗanda aka yi wa tiyatar bututun abinci bayan haihuwa, su ne suka fi faɗawa wannan rukuni.

Akwai kuma alamomin da ke nuna cewa abin da ake gani ba tumbuɗi ba ne sam. Aman da ke feshowa da ƙarfi bayan kowane sha, a jaririn da bai wuce wata 2 ba, yana iya zama tsukewar ƙofar da abinci ke bi daga tumbi zuwa hanji. Wannan ya fi samun jarirai maza, ana gano shi da hoton sikanin, maganinsa kuma tiyata ce. Amai kore yana iya nufin toshewar hanji, kuma ba a kwana da shi a gida. Haka nan jini a cikin amai ko kashi, da kumburin ciki, da zazzaɓi, da tasowar maɗiga, da mutuwar jiki, da aman da ya fara bayan wata 6 ko ya zarce shekara. A Saudiyya ana samun shawarar likita dare da rana ta lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya, motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar kuwa ta 997.

Kulawa a gida

Matakin farko shi ne a duba yadda ake shayarwa. Jaririn da ke shan madarar gwangwani yana buƙatar kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a awa 24, wato mai kilo 4 zai sha wajen mililita 600 a raba masa sau 6 zuwa 8. Cika bulumboti da matsa wa yaro sai ya shanye yana daga cikin abubuwan da ke ƙara tumbuɗi, don haka ake rage yawan abin da ake ba shi a lokaci guda, a ƙara yawan lokutan. Mai shan nonon uwa kuwa ba a cire shi daga nono saboda tumbuɗi. Abin dubawa shi ne yadda yake kama nonon. Ana dakatawa a sa shi ya yi gyatsa, bayan ya ƙoshi kuma a saɓa shi a kafaɗa na minti 20 zuwa 30. Kujerar mota ba ta maye gurbin kafaɗa, domin jariri yakan lanƙwashe a cikinta, cikinsa ya matsu. Iyalin da ke tafiya daga Makka zuwa Madina gara su tsaya su shayar, su jira kaɗan, sannan su ci gaba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne kwanciya. Iyaye da kakanni da yawa suna kwantar da mai tumbuɗi rub da ciki ko a gefe, ko su tokare shi da matashi, don tsoron kada ya shaƙe. Amma tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, saboda alaƙarsa da mutuwar fuju'a a cikin barci, kuma shawarar da ake bi a yau ita ce rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri wadda ba a ɗaga kanta ba, har ga mai tumbuɗi. Jariri mai lafiya yana haɗiye abin da ya dawo ko ya yi tarinsa waje.

Tsananin zafin Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, yakan sa a ga kamar jariri yana buƙatar ruwa, wasu kuma su dafa masa yansun, ƙwayar wani tsiro mai ƙamshi da ake sha kamar shayi, ko su lasa masa zuma don cikinsa ya kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla ya wadatar har wata 6, ko a ƙasa mai zafi. Ƙarin ruwa yana cika tumbi ne kawai, zuma kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba saboda haɗarin gubar botulizim. Cire beli da wanzamai ke yi, da lalas da wasu ke yi wa yara a ƙasar Larabawa, babu abin da ya haɗa su da zoben tsokar nan, illa dai su jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ana nisanta jariri daga hayaƙin sigari da shisha, kuma ya kamata a sassauta turaren wuta a ɗakin mai jego da ke rufe da na'urar sanyaya iska, domin tari yana matsa ciki.

Idan waɗannan matakai ba su isa ba, likita yakan gwada madara mai kauri, wadda ake rubuta AR a gwangwaninta. Tana rage fitowar tumbuɗi, amma ba a ba bakwaini sai da izinin likita. Wani lokaci kuma asalin matsalar rashin jituwa ne da furotin ɗin madarar shanu, musamman idan akwai ƙuraje masu ƙaiƙayi ko jini a kashi. A nan uwa mai shayarwa takan bar madara da laban (kindirmo) da zabadi (yogot) da jubna (cuku) na mako 2 zuwa 4 a gani, mai shan gwangwani kuma a sauya masa madarar da aka farfasa furotin ɗinta.

Magunguna

Magungunan rage tsamin ciki, irin su omefrazol da famotidin, ba sa hana abinci dawowa; tsaminsa kawai suke ragewa. Wani gwaji da aka wallafa a 2009 a kan jarirai 162 ya gano cewa 54 cikin 100 sun samu sauƙi a rukunin da aka ba lansofrazol, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, haka kuma 54 cikin 100 a rukunin da aka ba maganin da babu komai a cikinsa. Ga shi kuma doguwar shan su tana ƙara haɗarin cututtukan hanji da na huhu. Shi ya sa ba daidai ba ne a saye su a saidaliyya, wato kantin magani, don kuka da tumbuɗi kawai. Likita ne ke rubuta su ga wanda alamunsa suka tabbata, na ɗan lokaci, sannan a sake dubawa. Ranitidin, wani maganin rage tsami da aka daɗe ana ba yara, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta nemi a janye shi daga kasuwa a Afrilun 2020 saboda sinadarin NDMA da aka samu a cikinsa, wanda ake zargin yana jawo ciwon daji.

Yaron da ya iya magana yakan yi kukan ƙwarnafi ne irin na manya: zafi a ƙirji da tsami a maƙogwaro. Ƙiba tana ƙara shi, haka ma cin kabsa ko shawarma da lemon kwalba can cikin dare sannan a kwanta, al'adar da ke ƙaruwa a lokacin hutun makaranta da watan azumi. Ana so a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da barci, kuma shi, saɓanin jariri, ana iya ɗaga masa kan gado. Tiyatar naɗe saman tumbi a kewayen bututun abinci, wadda likita Rudolf Nissen ya fara yi a 1955, ana keɓe ta ga 'yan ƙalilan da magani ya gaza musu, galibi yara masu larurar ƙwaƙwalwa da abinci ke yawan shiga huhunsu.