Me ya sa Bature ba ya "shan" magani?

Na haddace kalmomin Turanci da yawa, amma in na haɗa jumla sai malami ya ja mini jan biro. Ina matsalar take?

Sau da yawa nahawunka lafiya lau yake, abokan tafiya ne ka haɗa ba daidai ba. Kowane suna, wato kalmar abu, yana da aikatau, wato kalmar aiki, da ya saba tafiya da shi. Dubi Hausarmu: muna cin jarrabawa, mu ci bashi, mu ci amana, mu sha iska, mu sha wahala, alhali ba wanda ya taɓa tauna jarrabawa. Turanci ma haka yake da nasa. Cin jarrabawa "pass an exam" ne, kashe kuɗi "spend money", shan magani kuwa "take medicine". Wanda ya ce "drink medicine" ko "hear a smell" Hausa yake yi, ya dai sa mata kwat.

Wanne ya fi rikita Bahaushe?

"Make" da "do", ba tantama, domin mu "yi" ɗaya gare mu tana ɗaukar kayan duka biyun. Ana cewa "make" na abin da ka samar ne, "do" na aikin da ka gudanar: "make tea", "make a plan", "do homework", "do business". Ƙa'idar tana taimakawa, amma kada ka jingina da ita da yawa. Kuskure "make a mistake" ne, gyaran gado "make the bed", kuma ba gadon ka ƙera ba.

To, "write an exam" fa?

A Najeriya kowa ya san shi, daga ɗalibi har mai sa ido a WAEC. A Ingila an fi cewa "sit" ko "take an exam". In da baƙi za ka yi magana, ɗauki "take".

Yaya zan koye su?

Daina rubuta kalma ita kaɗai a littafinka. In ka ci karo da "attention", rubuta "pay attention", in "crime" ce, "commit a crime", sannan ka sa kowanne a jumlar da ta shafi rayuwarka. Akwai ƙamus na musamman don wannan, Oxford Collocations Dictionary, wanda za ka buɗe suna ka ga aikatau da ke tafiya da shi. Wani lokaci ma sa'a takan faɗo: ɗaukar hoto "take a photo" ne, kamar an yi shawara da mu.