Ziyarar Ɗaliban Kanada Zuwa Tudun Vimy

Ziyarar Vimy tafiya ce da ɗaliban sakandare na ƙasar Kanada ke yi zuwa arewacin Faransa da Beljiyam don girmama sojojin ƙasarsu da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, wasu kuma su ƙara da wuraren yaƙin duniya na biyu. Yawanci a watan Afrilu ake yin ta saboda ta dace da ranar 9 ga wata, ranar da aka fara gwabza yaƙin Tudun Vimy a 1917. Wasu makarantarsu ce ke shirya musu, iyaye su biya ko a yi ta tara kuɗi shekara guda cur, wasu kuma gasa suke ci a ɗauki nauyinsu kyauta. Abin da ya bambanta ta da yawon buɗe ido shi ne galibi kowane yaro da sunan soja ɗaya yake tafiya, wanda ya yi bincike a kansa tun a gida, kuma sai ya je ya tsaya a gaban kabarin mutumin ko inda aka sassaƙa sunansa.

Me ya faru a Vimy

Vimy wani dogon tudu ne a arewa da garin Arras, tsawonsa kamar kilomita 7, wanda duk ya riƙe shi yana hango filin da ke ƙasa har nesa, shi ya sa Jamus ta kama shi tun 1914 ta kafe a kai. Faransa ta yi ta ƙoƙarin ƙwato shi a 1915, ta yi asarar mutane sama da 100,000 tsakanin matattu da masu rauni amma bai samu ba. A watan Mayu na wannan shekarar rundunar Maroko ta sojan Faransa ta kai har saman tudun, sai dai ba a kawo musu ɗauki da wuri ba dole suka ja baya, kuma har yau dutsen tunawa da su yana nan a wurin.

Sai aka ba wa Kanada aikin. Karo na farko ke nan da rundunoninta guda 4 suka yi yaƙi tare a wuri ɗaya, ƙarƙashin Janar Julian Byng ɗan Ingila, da Arthur Currie ɗan Kanada yana riƙe da runduna ta ɗaya. Sun yi makonni suna atisaye a wani fili da aka zana kamar ainihin wurin, aka rarraba taswira har ga ƙananan sojoji wanda a da sai hafsoshi, aka haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa cikin farar ƙasar yankin don mutane su isa bakin daga ba a gan su ba. Ranar Litinin ɗin Ista, ƙarfe 5:30 na asuba, cikin sanyi da ƙanƙara, suka fito, manyan bindigogi na zuba wuta a gabansu kaɗan kaɗan su kuma suna bin bayan wutar. Zuwa 12 ga Afrilu tudun duk ya dawo hannunsu. Mutum 3,598 suka mutu, kimanin 7,000 suka ji rauni, a kwana huɗu kacal. Gaba ɗaya yaƙin Kanada ta rasa mutum sama da 60,000 alhali a lokacin jama'arta ba su wuce miliyan 8 ba, to ka ga kusan babu garin da bai yi makoki ba.

Hasumiyar da asalin ziyarar

A 1922 Faransa ta ba wa Kanada fili hekta 100 a kan tudun, kyauta har abada. Wani masassaƙi ɗan Toronto mai suna Walter Allward shi ya zana hasumiyar tunawa da aka gina a wurin, ya yi shekaru yana neman dutsen da ya kwanta masa sai da ya samo shi a Seget, cikin ƙasar da yanzu ake kira Kuroshiya. Aikin ya ci shekara 11. Ginshiƙai biyu ne farare dogaye, ɗaya na Kanada ɗaya na Faransa, da mutum-mutumi guda 20, wanda aka fi sani a ciki shi ne na wata mace ta sunkuyar da kai tana jimami, ita ce ke wakiltar ƙasar tana kukan 'ya'yanta. A jikin bangon an sassaƙa sunaye 11,285, su ne 'yan Kanadan da suka mutu a Faransa ba a san inda kabarinsu yake ba.

Ranar 26 ga Yuli 1936 Sarki Edward na Takwas na Birtaniya ya buɗe ta tare da shugaban Faransa Albert Lebrun. Mazan jiya da iyalansu kimanin 6,200 suka taso daga Montreal a jiragen ruwa guda 5 don halartar bikin, cikinsu har da iyaye mata da suka rasa 'ya'ya, kuma daga nan ne al'adar ziyarar ta samo tushe. Da mazan jiyan suka ƙare sai jikoki da tattaɓa kunne suka gaji tafiyar. A 2007 da Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe hasumiyar bayan gyara ɗalibai dubbai ne suka zo daga Kanada, haka ma a 2017 lokacin cika shekara 100 da mutum wajen 25,000 suka taru, aka jera takalman soja a filin domin tuna waɗanda suka faɗi.

Yadda ake shiri

Wannan ɓangaren ne gaskiya ya fi komai muhimmanci, ko da yake ba shi ake ɗauka a hoto ba. Ma'adanar tarihi ta Kanada ta saka fayil ɗin sojojin yaƙin duniya na ɗaya a intanet, fiye da 600,000, aikin ya kammala a 2018, kowa zai iya buɗewa kyauta. Malami sai ya ba kowane ɗalibi suna ɗaya, sau da yawa daga allon tunawa da ke garinsu ko ma a bangon makarantarsu. Yaro ya buɗe fayil ya ga takardar shiga soja da sa hannun mutumin, tsayinsa, launin idonsa, sana'arsa ko manomi ne ko akawu ko mai aikin jirgin ƙasa, sunan mahaifiyarsa da adireshin gidansu wanda wani lokacin layi biyu ne tsakaninsa da gidan su yaron, nawa ake biyansa, yaushe ya kwanta asibiti, har ranar da aka hukunta shi don ya makara dawowa daga hutu, sannan a ƙarshe layi ɗaya da aka rubuta an kashe shi a fagen fama. Daga nan ɗalibin zai rubuta tarihin mutumin, shi zai karanta da bakinsa a gaban kabarin idan sun isa, abokansa na tsaye suna saurare.

Dalilin da ya sa wannan tsari ke aiki a fili yake. Adadi irin 60,000 ba ya shiga zuciyar ɗan shekara 16, amma in ka nuna masa wani ɗan shekara 19 daga unguwarsu da rubutun hannunsa, ya gane. Yara da yawa kan ajiye ƙaramar tuta ko wasiƙa ko ɗan dutse da suka ɗauko daga garin mamacin.

Ga waɗanda ba su da hali akwai Gidauniyar Vimy da aka kafa a 2006, tana da kyauta ta mako guda a watan Afrilu ga 'yan shekara 14 zuwa 17 waɗanda suka yi wa al'ummarsu hidima, da wata ta bazara da ke haɗa ɗaliban Kanada da na Birtaniya da na Faransa. Guraben kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da masu nema.

Inda ake zuwa

A Vimy kanta, masu zagayawa da baƙi ɗaliban jami'a ne 'yan Kanada da ma'aikatar kula da mazan jiya ke turowa su yi 'yan watanni, suna jin Turanci da Faransanci. Suna shiga da yara cikin wani ɓangare na hanyar ƙarƙashin ƙasa, su nuna musu ramukan yaƙin da aka adana inda na Kanada da na Jamus ke kusa da juna har a ji maganar juna. Filin duk ya lotsa ya yi tudu da kwari saboda luguden wuta, an kewaye wurare da yawa an hana shiga don har yanzu akwai bama-baman da ba su fashe ba a ƙasa, tumaki ne ke kiwo a wurin su rage ciyawa tunda ba a sa inji.

Daga nan sai Beaumont-Hamel a yankin Somme, inda ranar 1 ga Yuli 1916 bataliyar Newfoundland ta fita da mutum kimanin 800, washegari 68 kawai suka amsa kiran suna. A lokacin ma Newfoundland ba ta cikin Kanada, sai 1949 ta shiga.

A Beljiyam garin Ypres ne cibiya. Akwai maƙabartar Essex Farm inda likitan soja ɗan Kanada John McCrae ya yi aiki a 1915 ya rubuta waƙen da ya sa jan furen fofi ya zama alamar tunawa, kuma a nan kabarin Valentine Strudwick yake, yaro ɗan Ingila da ya mutu yana da shekara 15, ɗalibai kan daɗe a tsaye a wurin don sa'ansu ne. Akwai Tyne Cot mai kaburbura kusan 12,000 wanda sama da 8,000 babu suna a kansu. Da yamma kuma kowa ya nufi Ƙofar Menin mai ɗauke da sunayen sojoji sama da 54,000 da ba a san kabarinsu ba, inda tun 1928 kullum ƙarfe 8 na dare ake tsayar da motoci a busa begila, ba a fasa ba sai shekarun da Jamus ta mamaye garin a yaƙi na biyu. Makarantu kan nemi izini tun da wuri don yaransu biyu ko uku su ajiye furanni a lokacin.

Masu dogon zango sukan wuce wuraren yaƙin duniya na biyu a Faransa, kamar Dieppe inda 'yan Kanada sama da 900 suka mutu a rana ɗaya, 19 ga Agusta 1942, da gaɓar Juno ta Normandi inda sojojin Kanada suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944, wasu har Holan.

Muhawara a kai

Ba kowa ne a Kanada ya yarda da yadda ake ba da labarin Vimy ba. An saba cewa a nan ƙasar ta zama ƙasa, hoton hasumiyar ma yana jikin takardar dala 20 da aka fitar a 2012. Amma masana tarihi da dama suna tunatarwa cewa Vimy ɓangare ne kawai na babban harin Arras wanda bai fasa layin Jamus ba, akwai sojojin Birtaniya da manyan bindigoginsu a ciki, kuma asarar da aka yi tana daga cikin abin da ya sa gwamnati ta kawo dokar shiga soja dole a 1917, dokar da ta raba kan ƙasar, mutanen Quebec masu jin Faransanci suka ƙi ta har aka zubar da jini a 1918. Malami nagari ba ya ɓoye wa yara wannan.

Haka kuma tafiyar da ta tsallake maƙabartar Jamusawa ta Neuville-Saint-Vaast, wadda ke nan kusa da Vimy da mutum sama da 44,000 a kwance, gaskiya ta bar rabin darasi. Su ma 'ya'yan wasu ne. A Notre-Dame-de-Lorette Faransa ta buɗe wani katafaren zobe a 2014 mai sunayen sojoji kusan 580,000 da suka mutu a yankin, jere bisa harafi, babu ƙasa babu muƙami, kuma a maƙabartar da ke gefensa akwai sashen Musulmi sojojin Arewacin Afirka. Sai batun 'yan asalin ƙasar Kanada kimanin 4,000 da suka yi yaƙin suka dawo ba su da cikakken 'yanci, da baƙaƙen fata da aka ƙi ɗauka da farko sai aka ware musu bataliyar aikin gini a 1916, wanda sai a 2022 gwamnati ta nemi afuwa a kai. Ga kuma tsada, tikitin jirgi da masauki ba ƙaramin kuɗi ba ne, ɗan talaka sau da yawa sai dai ya ga hotunan abokansa.

Alaƙa da ƙasar Hausa

Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Kanada da na Birtaniya, wadda aka kafa a 1917 don matattun yaƙi na daular Birtaniya, ita ce dai ke da alhakin kakanninmu da suka mutu a soja. Sojojin Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin farko, a na biyu kuma runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka tafi Bama, wato yaƙin Bama da tsofaffi ke ba da labari. Daga Nijar ma Faransa ta kwashi mutane. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon a ƙasar Bama akwai sunayen 'yan Afirka ta Yamma cikin kusan 27,000 da aka rubuta a ginshiƙan tunawa. Sai dai a 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, adadin ma zai iya kaiwa 350,000, kuma wariyar launin fata na cikin dalilan, har gwamnatin Birtaniya ta ba da haƙuri a majalisa. Ɗalibin Kanada yana buɗe fayil ya samu launin idon sojansa, jikan wani daga Zariya ko Katsina kuwa sau da yawa ko sunan kakansa ba zai samu a dutse ba. Najeriya tana bikin tunawa da mazan jiya duk ranar 15 ga Janairu, kuma hukumar ta ce ta fara aikin binciko sunayen da aka bari a ƙasashen Afirka don a rubuta su.