Tukuici ga ma'aikatan gidajen cin abinci

Tukuici a gidan cin abinci shi ne kuɗin da mutum yake ƙarawa a kan ainihin farashin abin da ya ci, domin ma'aikacin da ya tarbe shi, ya kawo masa abinci, ya kuma kula da teburinsa har ya tashi. A asali kyauta ce ta ganin dama, amma a wasu ƙasashe al'ada ta mayar da shi tamkar wajibi, har ya zama da shi ne ma'aikacin yake biyan haya da ciyar da iyalinsa. Muhawarar adalci a wannan fage ta ta'allaƙa ne a kan abu biyu: ko tukuicin ƙari ne a kan albashi ko kuwa ya maye gurbinsa, da kuma hannun da kuɗin yake ƙarewa bayan mai bayarwa ya fita.

Ƙasashe sun sha bamban ƙwarai. A Japan ba a saba bayarwa ba, domin ana ɗaukar kyakkyawar hidima a matsayin ɓangaren aikin da aka riga aka biya. A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta, saboda haka abin da mutum zai bari a kan tebur ɗan canji ne kawai idan ya ji daɗi. A Landan gidajen abinci da yawa sukan ƙara kashi 12.5 cikin ɗari a takardar biyan kuɗi.

Amurka ce wurin da lamarin ya fi nauyi. Al'adar ta yaɗu a can bayan yaƙin basasar ƙasar da ya ƙare a 1865, kuma kamfanoni, ciki har da kamfanin taragun jirgin ƙasa na Pullman, sun ɗauki baƙaƙen fata da aka 'yantar daga bauta a kan albashi kaɗan, suka bar sauran ga alherin fasinja. An yi ta sukar al'adar, har jihar Washinton ta haramta ta a 1909, wasu jihohi kuma suka bi sahu, sai dai dokokin ba su yi tasiri ba, kuma zuwa 1926 duk an soke su. A 1966 aka yi wa dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 gyaran da ya ba mai gidan abinci damar lissafa tukuici a cikin albashin da ya wajaba ya biya.

A yau mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a sa'a, tun daga 2009, amma ga mai samun tukuici ana iya biyan dala 2.13 kacal, adadin da bai motsa ba tun 1991. Ma'aikaciyar da ta yi sa'a 40 a mako za ta karɓi dala 85.20 daga hannun mai gidan, alhali mafi ƙarancin abin da doka ta tanadar mata dala 290 ne, ke nan ana sa ran dala 204.80 za ta fito daga aljihun masu cin abinci. Doka ta ce idan tukuicin bai cike giɓin ba, mai gidan ne zai cike, to amma wannan yana buƙatar lissafi na gaskiya, kuma ba kowace ma'aikaciya ce za ta iya tunkarar wanda ke tsara mata ranakun aiki ta ce an tauye mata haƙƙi ba. Jihohi bakwai, ciki har da Kalifoniya da Alaska da Minesota, ba su yarda da wannan rangwame ba, suna wajabta cikakken albashi sannan tukuici ya zo a kai. Wannan ne ya sa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari da aka saba bayarwa a Amurka ya wuce matsayin kyauta, wanda ya hana shi a mafi yawan jihohi haƙƙin gumin wani ya rage.

Akwai kuma rashin daidaito a yadda mutane suke bayarwa. Binciken Michael Lynn na Jami'ar Cornell ya nuna cewa alaƙar da ke tsakanin ingancin hidima da yawan tukuici mai rauni ce, kuma a wani nazari da aka wallafa a 2008 shi da abokan aikinsa sun gano cewa ma'aikata baƙaƙen fata suna samun ƙasa da na takwarorinsu farare. Sau da yawa kuma ana hukunta mai kawo abinci a kan laifin da ba nasa ba, kamar jinkirin madafa ko ƙarancin ma'aikata a ranar cunkoso, abubuwan da mai gidan ne ke da alhakinsu.

Rabon kuɗin shi ma yana da nasa rikici, domin mai girki da mai wanke kwanuka sun yi wahala a kan farantin nan, amma ba su suke haɗuwa da mai biya ba. Gyaran dokar Amurka na 2018 ya haramta wa mai gida da manajoji su riƙe wani abu daga tukuici, ya kuma ba da damar a raba da ma'aikatan madafa muddin ana biyan kowa cikakken albashi. A Birtaniya an daina lissafa tukuici a cikin mafi ƙarancin albashi tun Oktoban 2009, sannan wata doka ta 2023 da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2024, ta wajabta a miƙa wa ma'aikata dukkan tukuici da kuɗin hidima ba tare da an zaftare komai ba, ko da da kati aka biya, kafin ƙarshen watan da ya biyo bayan wanda aka bayar da kuɗin a cikinsa, tare da rubutacciyar ƙa'idar rabo.

Wasu sun gwada kawar da al'adar baki ɗaya. A 2015 Danny Meyer, mai jerin gidajen abinci a New York, ya sanar da soke tukuici, ya ƙara farashin abinci domin ya ɗaga albashin 'yan madafa. Tsarin ya gamu da cikas, domin wasu ƙwararrun masu kawo abinci sun koma inda suke samun fiye da haka, kuma a 2020, lokacin annobar korona, ya dawo da tukuici a gidajen nasa.