Ruwan fadamar Hadejia da Nguru, mu san abin da yake mana

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin gona ne, kullum ina yawon ƙauyuka, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan wata magana ce da na ji a bakin wani saurayi ranar kasuwa, wai da hali a tare ruwan nan gaba ɗaya a huta da ambaliya da sauro. Ban ga laifinsa ba, ambaliyar 2022 ta cinye musu gona, amma wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Ruwan nan daga nesa yake zuwa. Kogin Hadejia ya biyo ta ƙasar Kano, na Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos ta Bauchi, da sun iso wajenmu inda ƙasa take shimfiɗe sai su bazu, su malale Kirikasamma, Guri, Nguru har wajen Gashua, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe zuwa tafkin Chadi. To wannan bazuwar ita ce arzikin. Yana kwance wata biyu uku yana nutsewa ƙasa a hankali, shi ke cika rijiyoyinmu da burtsatsen da muke ja da rani, har garuruwan da ba su ganin kogin da ido suna sha daga gare shi. Kuma ruwan da ya samu wurin kwanciya a fadama, da bai samu ba cikin gari zai shiga.

Ku duba fili ɗaya kawai. Da damina tarwaɗa da karfasa su shiga cikin ciyawa su yi ƙwai, masunci ya samu, mai shinkafa ya girbe, ruwa ya ja ya bar laka mai taki a shuka wake a kan danshi ba ban ruwa ba komai, bayan nan Bafulatani ya kawo shanu su ci ragowa su bar kashi. Mata kuma ga kaba ta tabarma da faifai, ga goruba, ga bandar kifi da ake lodawa mota a kai Kudu. Ni ban san wata gonar tudu da ke ciyar da gida uku huɗu haka a shekara ɗaya ba.

Har tsuntsaye daga Turai suke tasowa su ƙetare Sahara su yi hunturu a Dagona da Baturiya, shi ya sa a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin wuraren da duniya ta amince a kare a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, su ne na farko a Najeriya.

To ina matsalar ta fito? Dattawa za su gaya maka da can ruwa yana zuwa ya tafi, ƙasa ta bushe ƙaƙas. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, sai tsarin ya canza, ambaliyar damina ta ragu amma ana sako ruwa da rani, wasu wuraren ba sa bushewa ko kaɗan. Nan kacalla, doguwar ciyawar nan mai fitowa cikin ruwa, ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse wani yana kukan fari, tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana a cikinta yana fitowa ya share gero da shinkafa, ga sauro, ga ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya. Ruwan da aka hana tafiya ne yake cutar da mu, shi ne abin da na so saurayin nan ya gane.

Maganar dam ta hukuma ce kuma za mu ci gaba da faɗa musu, amma akwai wadda take hannunmu. Don Allah a daina zuba gamalin ko maganin feshi a ruwa don kama kifi, yana kashe manya da ƙanana, kuma ruwan nan shi yaranku da dabbobinku ke sha. Gidan sauron da aka raba a asibiti na kwana ne, idan ka ja kifi da shi ka kwashe 'ya'yan da za ka kama baɗi. Masu datse mashiga da dumba, wato shingen kama kifi, ko buhunan ƙasa, ku tuna akwai gari a ƙasanku yana jiran ruwan nan. A bar burtali da mashayar dabbobi a buɗe, yawancin rigimar da nake gani da rani daga nan take farawa.

Idan yaro yana fitsari da jini kar a ce alamar balaga ce, tsargiya ce, a kai shi asibiti tana da magani. Ita kuma kacalla idan mai unguwa ya kira gayya a fito, kuma a yanke ta can ƙasan ruwa yadda ruwa zai rufe kututturen ya ruɓe, don in an sare ta a sama ko an cinna mata wuta kawai, kafin wata ɗaya ta sake tohowa.