Wai mece ce ma'anar "gunkin zuciya"?

Kwanan nan duk wa'azin da ka kunna sai ka ji "gunkin zuciya". Waya gunki ce, ƙwallo gunki ce, har ɗan siyasar da maƙwabcinka ke goyon baya ma gunki ne, naka kuwa bawan Allah. Kalmar ta zama bulalar dukan duk abin da mai magana ba ya so.

Maganar ba sabuwa ba ce. A Littafi Mai Tsarki, Ezekiyel sura 14, dattawan Isra'ila sun zo sun zauna gaban annabi Ezekiyel a Babila, bayan Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe su a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Babu mai riƙe da sassaƙen itace ko dutse, amma Allah ya ce wa annabin mutanen nan sun kafa gumakansu a cikin zukatansu. Kalmar Ibrananci da ya kira gumakan da ita ce ta fi ɗaukar hankalina: gillulim. Masana da dama na danganta ta da kashin dabba, irin dunƙulallen nan na tumaki, kuma Ezekiyel ya maimaita ta kusan sau 40. Zagi ne tsagwaronsa. Ga dattijo da furfura, ya zauna da ladabi yana jiran saƙon Allah, cikinsa cike da kashin tumaki.

Manzo Bulus ya kira haɗama bautar gumaka a wasiƙarsa ga Kolosiyawa 3:5. A 1529 Martin Luther, malamin addinin Kirista ɗan Jamus, ya ce abin da zuciyarka ta jingina da shi, ta dogara gare shi, shi ne allahnka. A nan masu wa'azin zamani ke sakin layi, suna cakuɗa so da dogaro. Mai ihu gaban talabijin don ƙungiyarsa ta ci ƙwallo ba ya jiran ta cece shi ranar ciwo. Wanda barci ke ƙaurace wa idan kuɗin asusunsa ya ragu, shi Luther ke nufi.

Wasu kuma sun zarce gona da iri, wai ɗan maraƙin zinariya da Isra'ilawa suka bauta wa a littafin Fitowa sura 32 kwatanci ne kawai na son duniya. Haba! Littafin ya ce 'yan kunne aka tara wa Haruna ya narkar. Musa ya ƙone shi, ya niƙe shi ya zama gari, ya barbaɗa a ruwa, ya sa jama'a suka sha.